Ila Mai Awo da Akuyar Hajjo ta Ƙarshe

Ila mutumin Gangara ne, sana'arsa awon gero. Idan Buzaye suka sauko da raƙuma bayan kaka, shi ke zama tsakaninsu da manoma da ƙwaryar awo, kowane ɓangare yana zargin ya fi son ɗayan. A wannan sana'a ba a samun shaidar adalci da ta fi haka. Matarsa Hajjo tana da awaki huɗu da ta gada a wurin uwarta. Ila ba shi da ko kaza, amma mutum ne mai kyauta, musamman da abin da ke ɗaure a turken Hajjo.

A daminar 1924 kaluluwa ta fito masa a wuya, kamar ƙwan zabo, ba zafi ba ƙaiƙayi. Dodo wanzami, abokinsa tun kaciya, ya kafa masa ƙaho, ya ba shi wata saiwa ya riƙa jiƙawa. Kwana ashirin abu ya sace. A garin kuwa, duk wanda mai magani ya taɓa ya ce masa "ka warke", dole ya yanka dabba ranar Juma'a, a ci a ƙofar gida, mai magani ya tafi da ƙafar gaba. Ba a taɓa jin mai maganin da ya yi nauyin baki wajen faɗin kalmar ba. Aka yanka akuya ta farko.

Bayan wata biyar kaluluwa ta dawo, ta zo da biyu a hammata. Ila ya sha saiwar nan har haƙoransa suka rine, ko gezau.

"Wanzam, ka ce ka kashe ta."

"Na kashe ta mana. Wannan ƙanwarta ce."

Wani Buzu mai suna Aghali, da ke sayen gero a hannun Ila, ya ɗora masa ƙarfe mai zafi a wuya, ya shafa garin wani ganye na dutse. Ko ƙarfen ne, ko ciwon ne ya ga damar hutawa, kumburi ya ragu. Aghali ya faɗi kalmar, aka yanka akuya ta biyu.

Da kaluluwar ta sake dawowa, ga zazzaɓi, ga rama, sai Ila ya hau jaki kwana biyar zuwa Damagaram. Likitan Faransawa ya lallatsa shi, ya ba shi ruwan magani a 'yar kwalba, ɗigo-ɗigo, ya ce ya komo bayan wata uku. Bai ce ya warke ba. Amma kafin sati uku wuyan ya koma sumul, Dodo ya taɓa shi ya faɗi kalmar a madadin Bature, ya kuma karɓi ƙafar gaba a madadinsa.

Wannan karon ko kwana arba'in ba a yi ba. Ta fito a wuya, da hammata, da matsematsi. Ila ya ninka ɗigon, ciwon ya sha shi kamar kunu. Maƙogwaro ya tsuke, tuwo ya daina wucewa, fura ma sai da dabara. Abin da ke wucewa kawai madarar akuyar da ta rage, wata ja mai karyayyen ƙaho, wadda Hajjo ke tatsa safe da yamma.

Wata Laraba da hantsi kumburin wuyan ya ɗan faɗa, cikin kuma ya yi tauri kamar tulu. Labari ya kai ga Dodo, ya iso da zabirarsa da shaidu biyu. Hajjo ta tsaya a bakin ɗaki da ƙwaryar tatsa a hannu.

"Maigida, in aka yanka wannan, me za ka sha ran Asabar?"

"Hajjo, ki bar maza su yi aikinsu," in ji Dodo, yana miƙa hannu.

Ila ya janye wuyansa. "Kada ka taɓa ni, Wanzam."

"Dubawa kawai zan yi. Ai ga shi ido ma ya gani, ka..."

"Rufe bakinka. Sau uku ina warkewa, dubi yadda na koma. In na ƙara ɗaya ba zan kai Lahadi ba."

"To me zan gaya wa mutane?"

"Ka ce ina nan ba lafiya. Ka zauna ka yi mini aski, shi ka iya."

Dodo ya dubi akuyar, ya dubi abokinsa, ya zauna ya fiddo aska. Shaidun suka yi sallama suka tafi da yunwarsu.

Ila ya ƙara sati bakwai a kan madarar nan, yana jingine a zaure, masu awo na kawo masa rigimarsu yana rabawa da hannu saboda murya ta tafi. Ya rasu kafin a yanke geron 1926. Dodo ne ya yi masa wanka. Ranar sadakar uku Hajjo ta raba gumba, ba nama, kuma ba wanda ya tambaya.