Tambayar Kawu Kan Hantar Mamaci

Ƙarfe goma na safe, ranar Talata, mu uku ne a asibitin Madarumfa: ni, Kawu da likita. Cikin Kawu ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Likita ya ce hantarsa ta lalace. A Turai akan ciro ta wanda zuciyarsa ta tsaya a dasa wa mai rai, amma nan babu.

Kawu ne mai wankan gawa a unguwarmu, hannunsa kullum ƙamshin kafur. Ya ce, "To likita, shi wanda aka ciro wa, wa ke masa wanka?"

Bayan kwana goma sha tara, ni na yi wa Kawu nasa wankan, dama kafin hagu, yadda ya koya mini. Yau shekara biyar ke nan. Mai karatu, ka roƙa masa Allah ya haskaka kabarinsa.