Mai Kwalabe da Auren Funfuna

Mai Kwalabe muke ce masa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin gwaje-gwajen jami'a da ke hawa na biyu, inda famfo ke ɗiga, fanka na juyi kamar an yi mata dole. Aikinsa kiwon funfunar ruwa, wani farin gashi-gashi da ke tsirowa jikin dafaffen riɗi in an jefa shi a ruwan kududdufi. Yakan haɗa namiji da mace a faranti ɗaya, yana jiran ranar da zaren namijin zai miƙe ya naɗe jakar ƙwan macen. A littafi ya sha gani. A madubin hangen ƙwayoyinsa kuwa, ko sau ɗaya.

Ba don sakaci ba. Duk Litinin sai ya sauya musu ruwa, ya zuba sabon riɗi.

Matarsa takan ce, "Baban yara, 'ya'ya uku ka aurar, ba ka sha wannan wahalar ba."

"Su ai suna jin magana."

Saura wata guda ya yi ritaya aka yi masa aikin yanar ido. Sati uku ba wanda ya kula farantan. Ya dawo miƙa makullai da baƙin tabarau, matarsa na riƙe da hannunsa, ya ji ɗakin na tsami, riɗin ya zama ƙaiƙayi. Ya laluba zai zubar, sai Farfesa, shugabar sashen, ta ce ya dakata. Ta ɗora ɗigo ɗaya a madubi, ta daɗe a sunkuye.

"Baba, ai an ɗaura! Ga su nan birjik." Sai ta ɗago. "Tsaya, wai kullum sabon riɗi kake ba su?"

"Duk Litinin, ranki ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Tausayi."

"Waɗannan sai abinci ya ƙare suke neman juna. Kai ka hana su."

Ya cire tabarau, ya kafa ido, ya murɗa, ya sake murɗawa. Hazo kawai yake gani.

"Zo ki duba min," ya ce wa matarsa.

Ta gyara mayafi ta leƙa. "Wani zare ne ya rungume wata ƙwallo."

"Ya rungume sosai?"

"Kamar za a ƙwace masa."

Ya zauna a kan kujerarsa mai gurguwar ƙafa. Sannan ya ajiye makullan a gefen farantin.

"To, Allah ya ba da zaman lafiya. Mu je gida, ƙafafuna sun gaji."