Takalman Manyan Baƙi

Ku da kuka kama aiki jiya-jiya, ku matso ku ji. Har gobe ban manta da ranar da manyan baƙi suka taka rawa babu kiɗa a ƙofar zauren taronmu ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 ne, ba a daɗe da buɗe zauren a nan Jidda ba. Gilashi tun daga ƙasa har sama, ga sanyin na'ura, ga jar darduma mai haɗiye ƙafa. Ni haifaffen Jidda ne, aikina tarbar baƙi da tafinta. A sama akwai mudir, wato shugaban wurin. Can ƙasa kuma masu shara. Cikinsu akwai Baba Babikir, Bahaushen Sudan, mai iyali a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Kamfanin da muke wa aiki ne kafilinsa, wato mai tsaya masa, iƙamarsa, takardar izinin zama, tana hannunsu, don haka korar aiki a wurinsa korar ƙasa ce.

Ran nan tawaga ta zo daga Najeriya ganin gine-ginen zamani. Tun da safe mudir ya tara masu shara ya ce mai hoto na zuwa, duk abin da suka gani a bakin ƙofa su kwashe.

Shugaban tawagar, wani Alhaji cikin babbar riga, yana ganin dardumar nan sai ya tuɓe takalmi. To, babba ya tuɓe, wa ya isa? Kowa ya tuɓe. Na raɗa masa, "Ranka ya daɗe, nan da takalmi ake shiga." Ya harare ni, ya ce, "Yaro, ba yau muka fara fita waje ba."

Muna ciki yana ta "Irin wannan za mu gina a gida," Baba Babikir ya zo ya tarar da tsibin takalma. Ya zuba su a buhu ya jingine bayan gini don ajiya. Motar shara ta zo ta yi gaba da buhun.

Abu na gaba a tsarin ziyara shi ne a taka zuwa sabon otel da ke tsallaken fili, filin kuma duk marmara ne, ga ranar azahar. Aka fito babu takalma, Alhaji ya ce ai kusa ne, a tafi haka. Wayyo! Ka ga manya sun tattare riguna suna ɗage ƙafa kamar kaji a kan garwashi. Har direbobi sai da suka ɓoye fuska.

Mudir ya fito yana huci, ya ce in tambayi Alhaji wa ya sa su tuɓe takalmi. Da Alhaji ya ce al'adarsu ce, da magana ta mutu. Amma ina! Kada a ce masa baƙauye. Ya nuna Baba Babikir ya ce, "Wancan tsohon ne."

Na fassara, na ƙara da cewa ina wurin, ba haka aka yi ba. Mudir ya ce, "Tafinta muka ɗauke ka, ba shaida ba. Halas, magana ta ƙare."

Aka sayo wa baƙi sababbin takalma a kanti, suka tafi suna yaba karamci. Baba Babikir kuwa aka kore shi, ni na raka shi da iyalinsa bakin jirgin ruwa, ina ta ƙuna a rai. Bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Da harshenmu na Hausa fa Alhajin nan ya nuna ni, ɗana."

Don haka ku riƙe wannan: a aikin tarbar manya, in babba ya yi abin kunya, kada ku tsaya dariya. Ku waiga ku ga wa ya fi kowa ƙanƙanta a wurin, don shi za a ɗora wa.