Sallamar da Yaya Ummaru Yake Yi Kafin Ya Hau Soro

Damina tara ke nan muka yi ba tare da yayana Ummaru magini ba. Da damina nake ƙirga shekarun rasuwarsa, domin lokacin ne na fi jin rashinsa. Da na ga hadari ya haɗo daga gabas sai in bi ɗakuna ina ɗaga kai, ina neman inda rufi ya fara jiƙa. Matata takan ce na fi ruwan saman takura wa gidan. Ba ta yi ƙarya ba.

A zamaninsa, duk wanda soronsa ya tsage, daga nan Bodinga har Shagari, ƙofar Yaya yake zuwa. Ba shi yake yin duk aikin ba. Yakan saurari mutum, ya tambayi shekarun ginin da inda aka ɗebo ƙasarsa, sannan ya ce wane zai zo maka. Ya san gwanin yaɓe a Danchadi. Ya san kafintan Sifawa da ba ya rage ƙusa. Ya kuma san wanda hannunsa ke da kyau amma bakinsa bai dace da cikin gidan mutane ba. Shi wannan katangar waje kawai yake tura shi.

Yau ɗansa Bashiru, da ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, shi da abokansa biyu sun haɗa wata manhaja ta waya mai yin irin wannan aikin. Mai gida zai ɗauki hoton inda ya lalace ya tura, magina da kafintoci da masu gyaran famfo na kusa su gani, shi kuma ya zaɓi wanda ya kwanta masa. Lokacin da suke tsara ta, Bashiru ya zo ya yini biyu a zaurena da littafinsa. "Baffa, duk abin da Baba yake tambayar mutane nake so," in ji shi. Na faɗa masa duk abin da na tuna. Bayan ya tafi ma sau uku ina kiransa ina ƙara wani abu, don tsoron kada in rage wa mamaci aikinsa. Na ɗauka ban bar komai ba.

Bara da bazara indararon ɗakina ya karye, sai na ce bari ni in fara gwada abin ɗana. Wani magini ya zo daga Shagari a kan babur, mutum mai natsuwa. Muka gaisa, ya jingina tsani, na riƙe masa, ya hau. Bai gama miƙewa ba na ji guje-guje a bayan katanga, kwano ya faɗi, ƙofa ta buga. Daga saman ɗakina ana ganin tsakar gidan maƙwabcina Malam Sani tsaf. Matarsa Inna Hajo na zaune tana yi wa 'ya'yanta da suka zo ganin gida kitso, babu mai ɗankwali a kai.

Malam Sani malamin allo ne, ba mai yawan magana ba. Idan na gaishe shi yana amsawa. Amma tabarmar da yake kawowa ƙofata bayan la'asar fiye da shekara talatin, ya daina kawowa. Kusan mako biyu abinci ba ya shiga mini. Daga ƙarshe na same shi bayan ya tashi ɗalibansa.

"Malam, gafara na zo nema. Maginin baƙo na, bai sani ba."

"Shi baƙo na, Alu. Kai hwa?"

Sai ya gaya mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Yaya bai taɓa hawa sorona ba sai tun ana gobe ya bi duk gidan da za a iya hange daga sama, ya yi sallama, ya faɗi lokacin da zai hau. A gindin tsani kuma sai ya ɗaga murya sau uku, ya jira a amsa. In ya hau, bayansa yake juya wa gidan maƙwabci ko da rana za ta doke shi a fuska.

Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka son hira ne ke kai shi ƙofofin mutane. Har faɗa nake yi masa, ina cewa laka na bushewa yana can yana gaishe-gaishe. Dariya kawai yake yi. Ashe aikin ne yake yi, shi ya sa ban taɓa sanar da maƙwabci da kaina ba, shi ya sa kuma ban faɗa wa Bashiru ba.

Da na kira Bashiru, da wasa ya fara: "Baffa, yau kuma mi aka manta?" Da ya ji labarin sai ya bar wasan. Ba a jima ba ya ƙara tambaya biyu a manhajar: daga saman ginin, gidan wa ake gani? An sanar da su? Ba a tsayar da ranar aiki sai mai gida da magini duk sun amsa. Abokansa sun ce za ta jawo jinkiri. Ya ce su bar ta.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin zai jujjuya wayar, ya tambaya ko ta san mai tsegumi. Amma zai ji daɗi cewa tsohuwa a Dingyadi ba sai ta jira ranar kasuwa ba kafin ta sami mai toshe mata yoyo. Ni dai damuwata ba ta ƙare ba: mutum yana iya danna "e" bai tashi daga inda yake zaune ba. Bashiru ya ce wannan kam babu wayar da ke gyara shi.

Bana maginin nan ya dawo yi mini yaɓe. Tun ana gobe na bi gida uku da ƙafata. Da ya jingina tsani sai ya ɗaga murya: "Salamu alaikum masu gida, za a hau!" A kira na uku muryar Inna Hajo ta zo daga bayan katanga: "A hau, Allah shi ba da sa'a." Sai na tuna haka take amsa wa Yaya, ina ji, ban taɓa saurara ba.

Sorayen da ya gina ana ta rushe su ana sa bulo da kwano, kuma ba na ganin laifin kowa. Abin da ya bari wanda ruwa bai ci ba shi ne wannan kira a gindin tsani. Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya suturta shi yadda ya suturta gidajen mutane. Ran nan bayan la'asar, Malam Sani ya fito da tabarmarsa.