Gyangyaɗin Baba a Hanyar Kalmalo

Babanmu dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma mai masauki. Duk jajibirin kasuwa zaurenmu cike yake da baƙinsa na Nijar, su kuwa ba sa zuwa sai da 'yar butarsu ta shayi. Shayin nan mai ɗaci dahuwa uku ake yi masa, kuma abin kunya ne maigida ya tashi ya bar baƙo ba a sha ta ƙarshe ba. In an watse Baba ya kwanta, ido ya ƙi rufuwa, sai juye-juye har assalatu.

Da rana barcin ke kama shi. Yana tsakiyar magana sai ka ga kai ya langaɓe. Mu dariya muke yi, Inna har tsiya take masa, wai ya fi tsohuwar akuyarmu gyangyaɗi. Ciwon kansa da saurin fushinsa duk mun ɗora wa zafin rana.

Ran nan ya ɗauke ni a babur za mu Kalmalo duba gwaggona. Ina bayansa riƙe da rigarsa. Mun yi nisa sai na ji babur yana zamewa tsakiyar hanya a hankali, ga motar albasa ta taho. Na dubi ƙeyarsa, na ga kan ya sunkuya. Na buɗe baki in yi ihu, murya ta ƙi fita. Sai na gantsara masa cizo a kafaɗa.

Ya farka a firgice ya murɗe kan babur, muka faɗa gonar gero. Motar ta wuce, iskarta har fuskata.

"Mi ya hwaru?" in ji shi.

"Baba, kwana kaka yi."

"Ni? Ban yi kwana ba."

Wannan ya fi motar ba ni tsoro. Bai ma san ya yi ba.

Inna ta matsa masa ya je asibiti, aka ce jininsa ya hau. Likita ya ce ba shayi bayan la'asar, ya riƙa kwanciya da wuri kuma lokaci guda, ya ajiye babur sai barcinsa ya daidaita. Baba ya dawo yana gunaguni, wai likita bai san baƙo ba.

Jajibirin kasuwa ya zagayo, baƙi suka sauka. Bayan isha na laɓe bayan zaure in ji ko zai sha shayin, don na san da safe zai ce zai hau babur. Ina jin tsiyayar shayi. Wani tsoho, amininsa tun kafin a haife ni, ya ce, "Maigida, ga naka."

Can na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa.

"Ku gahwarce ni, shiga zan yi. Na kusa kashe ɗiyata."

Sai na ji tsohon ya juye kofin cikin buta.