Mama Matangaro da Kan Mijinta

Mama Matangaro maƙwabciyata ce a Titikaveka, wani ƙauye a tsibirin Rarotonga. Shingen fure ne kawai tsakaninmu, don haka abin da ban gani ba a gidanta, na ji shi. A Mauke, wani ƙaramin tsibiri can nesa da namu, aka haife ta. Ta zo Rarotonga tana da shekara goma sha tara da niyyar yin wata uku, ta haɗu da Teokotai a tashar jirgin ruwa, wata ukun nan har yau ba su cika ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana goge daɓen asibiti. Ba ta yi karatun likita ba, amma ta san abin da ke cikin kan ɗan Adam, don ta sha kwashe shi da tsumma bayan an shigo da masu babur. Da ta ajiye aiki sai ta koma saƙa ei, kambin furen da muke sawa a wuya ko a ka, tana kaiwa kasuwa ran Asabar.

Mijin nata, Papa Teokotai, dattijon coci ne, mai murya, mai gashi fari fat da yake shafa wa man kwakwa ya taje shi baya. Shekara arba'in yana hawan babur, kuma a ganinsa wannan ya isa shaida cewa babu abin da zai same shi. Faɗuwa biyu da ya yi a shekara guda ba ya lissafi da su. Ta farko laifin kare ne. Ta biyu laifin kwakwa ne, da ta faɗo kan kwalta ba ta nemi izini ba.

Da doka ta fito cewa duk mai hawa babur sai ya sa hular kwano, Mama ta je gari ta sayo guda biyu. Ta sa tata tun daga shagon. Ta mijin kuwa ta kwana uku a kan tebur, a na huɗu ya fara tara lemon tsami a ciki.

"Papa, ga hularka," in ji ta, ina jin su ta shinge.

"Wace hula? Wannan tukunyar? Gwaza za a dafa da kaina?"

"Ai gwaza ta fi kanka tauri. Na ga irinsa a ƙasa."

"Wanda ya ba ni kan shi ke tsaronsa, Mama."

"To ya tsare, ya kuma aiko maka da hula ta hannun matarka. Karɓi."

Bai karɓa ba. Ta ɓoye makullin babur, ya zo ya ari babur ɗina. Ni kuma, da na yi shekara talatin ina koya wa yara bin doka a makaranta, na miƙa masa, har da yi masa addu'ar sauka lafiya. Ta sa rai ko ɗan sanda zai tsayar da shi, amma ɗan sandan yankinmu a gaban Papa ya koyi waƙar coci, kuma duk sanda Papa ya zo wucewa sai ya ga wani abin kallo a teku. Ta kai ƙara wurin fasto. Fasto ya yi wa'azi mai kyau a kan taurin kai, kuma babu wanda ya kai Papa ɗaga murya wurin cewa amin.

Bayan wannan sai Mama ta bar maganar. Wata biyu ba ta sake ambaton hula ba. Papa ya gaya mini a asirce cewa mace sai da haƙuri, in ka daure za ta gaji. Na ce masa haka ne. Ban ga dalilin ɓata masa rai ba.

Ranar da ya cika saba'in aka yi masa biki a zauren ƙauye. An gasa alade da kifi a rami, an kawo ganyen gwaza da madarar kwakwa, dangi sun zo har daga birnin Auckland, can ƙetaren teku. Aka zaunar da shi a kujera, aka shiga sa masa ei ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rataya masa ya sumbace shi, har fure ya rufe masa kunnuwa. A wurinmu ba a kau da kai ga mai sa maka ei, ko da ba kwa ga maciji da juna, kuma ba a cirewa a gaban wanda ya sa. Matar gida ita ce ta ƙarshe, nata na kai ne.

Mama ta taso da nata a lulluɓe da zane. Da ta buɗe, zauren ya ɗauki guɗa. Farin furen tiare ne jere uku, da jan fure a tsakiya, da ganyen maire mai ƙamshi da ta sa aka kawo mata daga Mauke. Ban taɓa ganin saƙa irin wannan ba. Sai da ta ɗaga shi sama muka lura cewa a jikin hular kwano aka saƙa shi.

Papa ya dubi fasto, fasto ya dubi rufin zaure. Ya dubi 'ya'yansa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

"Sunkuyo mana, Papa," in ji ta. "Hannuna ya gaji."

"Matangaro, kin ci amanata," ya ce a hankali.

"Ɗaga haɓa. Yawwa."

Ta ɗaure igiyar har ta ce ƙas, ta sumbace shi a kumatu biyu. Da hular ya ci abinci, da ita ya yi jawabin godiya, da ita ya hau babur ya koma gida, Mama na goye a baya. Wani tsohon abokinsa ya ɗaga murya ya ce, "Teokotai, amarya ce ko ɗan sama jannati?" Papa ya tayar da babur ya wuce.

Washegari furen ya yi laushi, Papa ya ce to biki ya ƙare. Kwana biyu bayan bikin, da ya fito zai tafi gona, sai ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, hular a hannu, da sabon fure a jiki. Ya tsaya ya yi lissafi. Ƙin hular kwano ra'ayi ne, kowa na da nasa. Ƙin ei daga hannun matarka a gaban hanya kuwa, kafin rana ta take labarin ya zagaye tsibirin ya dawo. Ya sunkuyar da kai.

Daga nan ya samo wa kansa mafita. Duk wanda ya tsokane shi, sai ya ce shi ba ya sa hular kwano, bai taɓa sawa ba, furen matarsa yake sawa, abin da ke ƙarƙashin furen kuma ba ruwansa. Mama ba ta yi gardama ba. Ta gane sharaɗin: in babu fure, babu hula. Fure kuwa kwana ɗaya yake yi. Saboda haka kullum da asuba tana cikin lambu tana tsinka, kafin ya gama shayi ta gama saƙa. Na taɓa tambayarta ko ba ta gajiya.

"Ina gajiya mana, Malam," ta ce, allura a baki. "Amma wannan aikin a zaune ake yin sa."

Shekara uku ta yi a haka. A damina ta bana sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, har cokali ya gagare ta riƙewa. Ran Talata na ga hular a kan babur, tsirara, ba ko ganye. Mama na zaune a baranda, hannuwa naɗe da tsumma mai ɗumi. Papa ya fito ya dubi hular, ya dube ta, ya zagaya bayan ɗaki.

Ya daɗe. Da ya dawo, da furanni biyar a hannunsa, biyu da saiwarsu. Ya zauna ya ɗaure su a hular da zaren buhun abincin kaji, yana ƙunƙuni. Abin ya fito kamar an watsa wa tukunya shara. Ya kifa a kai, ya tayar da babur.

"Papa!"

"Mene ne kuma? Ba ga shi na sa ba?"

"Igiyar."

Ya ɗaga haɓa, ya ɗaure.