Ɗigon Mai a Jirgin Bitrus

Ku daina ce mini Ayuba Makaniki mutumin kirki ne. Na ji a coci, na ji a bakin famfo, na gaji. Ni Tabita gida ɗaya muke haya da shi a Runjin Sambo, ƙofarsa na kallon tamu, kuma na san abin da ba ku sani ba.

Ni malamar firamare ce, ina zaune da mahaifiyata, Mama Esther. Yayana Bitrus matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya tashi wata safiya lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba, aka aiko mana takarda cewa abokan gaba ne suka harbo shi. Da takardar nan Mama take rayuwa. Tana cewa ɗanta ya mutu namiji, a bakin aikinsa, ba ta bin kowa komai. Likita kuwa ya ja mini kunne cewa zuciyarta ba za ta ɗauki wani sabon tashin hankali ba. Saboda haka duk maganar da za ta shiga kunnen Mama sai ta bi ta kaina.

Ayuba ya tare a gidan ne shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati rabon kuɗin Udoji. Mutumin wajen Kafanchan ne, ya koyi kanikanci a reluwe, ya shiga sojan sama yana gyaran jirage, da aka gama yaƙi ya samu aiki a garejin gwamnati nan Sakkwato. Ba mata, ba 'ya'ya, ba fara'a. A shekarar kowa sabon abu yake saye, wannan Vespa, wancan rediyo mai kaset, gari sai ƙyalli yake. Shi kuwa gogan naka aikinsa ya mai da sabo tsoho.

Duk Asabar zai baje tabarma a tsakar gida ya hau sassaƙa jirgin yaƙi ɗan ƙarami, tsawon kamu ɗaya, da itacen rimi. Fiffike da gwangwanin madara. Gilashin matuƙi kuwa hannun buroshin haƙori yake narkawa. Ya ɗauki allura ya bi jikin jirgin yana tsira alamar ƙusa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shafe shi da fentin azurfa. Gaskiya ɗaya ce, idan ya kai nan abin yana da kyau, ko ni sai na saci kallo. Daga nan sai haukan ya tashi. Ya kankaro baƙin gilashin fitila ya shafa a bakin bindigogi da wutsiya. Ya sa reza ya kankare fenti a inda takalmin matuƙi ke takawa. Ya niƙa jan bulo ya cusa a tayoyi. Ya dama baƙin mai da kananzir, ya ja shi da gashin kaza. Tsakar gida ta ɗauki wari, shanyata ta ɗauka, har tuwona.

Mai gidan, Alhaji Ladan, ya taɓa tsayawa a kansa yana riƙe da haɓa. "Wanga mutum, mi ad dalili ka gyara abu, ka koma ka ɓata shi da hannunka?"

"Alhaji, jirgin da bai yi datti ba bai je ko'ina ba," in ji Ayuba, ko ɗago kai bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake lallaɓa Mama. Ya ɗebo mata ruwa, ya gyara mata kujera, ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ta, amma bai taɓa yarda ya shiga ɗakinmu ba. Na ce a raina wannan ladabin ya yi yawa, akwai abin da ke ƙasa.

Wata Asabar da hantsi na zo wucewa da bokiti, na ga ya jera jirage shida a rana. Sai a ranar na lura duk jirgi ɗaya ne yake ta maimaitawa. Kowanne lamba ashirin da uku. Lambar da ke bayan Bitrus ke nan a hoton da ke rataye a ɗakin Mama. Na dire bokitin, na ɗauki ɗaya na juya shi. A ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani siririn layin baƙin mai. Na juya na biyu, yana nan. Har na shida.

"Malam Ayuba, ina ka san lambar nan?"

Ya ajiye gashin kazar. "Ni nake gyaran jirginsa, Malama."

"Shekara guda kana gidan nan ba ka faɗa ba? Wannan layin fa?"

Ya dubi jirgin da ke hannuna. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da safen ranar da ya tashi na ga mai na ɗiga a wurin. An ce jirgi ya tashi nan da minti goma. Na ji tsoron oga. Na sa tsumma na goge, na ce wa Bitrus lafiya lau. Ba wanda ya harbe shi, Malama. Ko bakin daga bai kai ba."

Wallahi da taɓarya na kusa da na fasa masa kai. Na ce, "Kai ne ka kashe shi, sannan ka biyo mu har gida kana ɗebo wa uwarsa ruwa? La'ananne!"

"A coci na ji tana ambaton sunansa, shi ya sa na nemi ɗaki a nan. Shida na yi, kowanne da niyyar kai mata in gaya mata, in kasa. Ki bar ni yau in shiga."

"Ka shiga ka kashe ta ita ma? Don kai ka samu barci?"

Sai ga muryar Mama daga ɗaki, ashe ta tsinci sunan. "Tabita, wa ke maganar Bitrus?"

Ban tsaya tunani ba. Na fizgi tsummansa, na tsoma a kananzir, na dirje layin nan har azurfa ta fito fes. Na shiga da jirgin na ce, "Mama, ashe Malam Ayuba ya yi aiki da Yaya. Ga jirginsa ya sassaƙa miki."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa lambar, ta shafa inda fenti ya kankare, ta ce, "Nan yake takawa?" Ta yi kuka, ta yi dariya, ta aika ni in kira shi. Ranar ya fara taka ɗakinmu. Ta dafa kansa ta ce, "Ɗana, kai ka kula mini da shi har ƙarshe. Allah ya yi maka albarka." Yana durƙushe, idonsa na ƙarƙashin fiffiken.

Da muka fito ya ce, "Malama, kin goge."

"Na goge. Sai me?"

"Da tsumma," in ji shi. "Ni ma haka na yi."

Shekara uku ke nan. Jirgin yana rataye kusa da hoton, Mama tana nan da ranta, kullum da safe sai ta sa Ayuba a addu'a kafin ni, kuma ni ke cewa amin. Shi kuwa bai fasa ba, yana kan na goma sha ɗaya, da layinsa a ƙarƙashin fiffike. Ba na gaishe shi, ba na cin abin da ya taɓa. Kullum ya ɗago kai ya dube ni, kallon abokiyar aiki yake yi mini, kuma wannan ne ba zan taɓa yafe masa ba.